Sai-na-gani da Motar Yayan Matarsa

Ba sunan yanka ba ne, amma ya bi shi har ya cinye na yankan. Ka kawo masa mota tana tari, ka ce, "Malam, me ke damunta?" sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Sai na gani." Ka ce, "To yaushe zan dawo in ɗauka?" ya ce, "Sai na gani." 'Yan gareji ma cewa suke yi ranar da aka tambaye shi ko yana son yarinyar da ya aura, amsar da ya bayar ke nan. Ƙarya suke yi masa, amma irin ƙaryar nan da ta yi kama da mai ita.

Ubansa mai gyaran injin niƙa ne, don haka cikin ƙara ya buɗe ido, kunnensa na hagu ma tun yana ƙarami ya yi nauyi. Ya koyi aikin mota a hannun wani ubangida mai jifa da sifana, ya sha jifa har ya iya kaucewa, ya kuma iya aiki. Da gemu ya fito masa ya samu rumfarsa a babban garejin da ke bayan tasha: kwano a sama, benci mai ƙafa uku da dutse a madadin ta huɗun, ramin shiga ƙarƙashin mota, da akwatin ƙarfe da yake jera sifanu a ciki kamar mai kwantar da 'ya'ya a tabarma, babba kusa da babba. A nan ya yi furfura.

Garejin nan kowa da salonsa. Akwai 'yan canji-canji, waɗanda in mota ta yi atishawa sai su ce a sayo fulogi, in ba ta daina ba a sayo famfo, in ba ta daina ba a sayo wani abin, har Allah ya sa a dace ko mai motar ya gaji ya tafi. Shi ba ya kwance noti ɗaya sai ya san dalili. Wannan ya sa masu gaggawa ba sa zuwa wurinsa, masu zuwa kuma ba sa barinsa. Bai tara komai ba a duniya. Gidan haya, ciki da falo, yara na makaranta, shi ke nan. Abin da ya mallaka guda ɗaya ne: in aka ce mota daga hannun Sai-na-gani ta fito, mutum yana iya zuba iyalinsa a ciki ya kama doguwar hanya hankali kwance.

Garejin yana da doka guda da ba a wasa da ita tun zamanin waɗanda suka kafa shi. In ka buɗe inji, motar amana ce a wuyanka har ka rufe. Wanda ya saki makulli alhali aiki na buɗe, duk abin da ya biyo baya nasa ne, kuma Shugaba, tsohon da ke raba rumfuna yana raba rigima, zai karɓe rumfarsa ya ba wani.

Matarsa ita ce auta a gidansu, Auta kuma kowa ke kiranta. Mai ɗinki ce, mace mai kaifin baki a kan kowa ban da mutum ɗaya. Ubansu ya rasu tana goye, Yaya Babba ne ya riƙe ta. Ya riƙe ta kam, babu mai musu. Sai dai akwai mai yi maka alheri ya manta, akwai mai yi maka ya rataya maka shi a wuya kamar ƙararrawa, duk inda ka motsa sai ta yi ƙara. Yaya Babba mai shagon katifa ne, ƙaton mutum mai ƙatuwar murya, kuma tun ranar da aka ɗaura auren ƙanwarsa ya ɗauka shi aka yi wa kyautar bakanike. In yana son abu, "ƙanina." In baƙi na zaune, "bakaniken gidanmu." Janareto ya ƙi tashi, a kira mijin Auta. Fanka ta tsaya, a kira mijin Auta. Har dutsen guga an taɓa aiko masa gareji a cikin leda. Bai taɓa cewa uffan ba. Wai haƙuri! Wani haƙurin dai, in ka ɗaga masa riga, tsoro za ka tarar a ciki.

Ana nan sai Yaya Babba ya sayi mota. Ta hannu ce, amma an goge ta tana ɗaukar ido, ja wur, mai giyar hannu, kuma mai turbo, wani ɗan abu mai kama da katantanwa da ke hura wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi. In an taka ta sai ta yi wani siririn fito. Fiton nan ya shiga kan Yaya. Daga gida zuwa shago, tafiyar da tsohuwa za ta yi da sanda, sai ya taka ta iya ƙarfinsa don maƙwabta su ji. Ya iso inji na huci, ya murɗe makulli nan take ya fice. Ranar da zai saye ta bai nemi bakaniken gidansu ba. Mai gyaran dutsen guga ina ya san turbo?

Ba a daɗe ba ta fara nuna halinta. A tsaya a mahaɗar hanya, sai ta yi rawar sanyi ta mutu. Da safe sai an yi ta murɗa makulli tana gurnani kafin ta kama. Ƙarfi ya ragu, fiton nan ya koma kamar na mai mura. Yaya ya kai ta wurin mai kwamfuta, aka jona mata waya, aka ce sensa ce, aka canza. Ita kwamfutar ba ta yi ƙarya ba, ta nuna inda ake kuka, wanda ya yi dukan ne ba ta gani ba. Ya kai wa mai waya, ya canza fulogi. Ya kai wa wani, ya sauke tanki ya canza famfon mai. Kowa ya yagi rabonsa, mota na nan tana mutuwa a tsakiyar titi, masu babur na yi wa Yaya daƙuwa ta taga. Sai da duniya ta ƙi shi ya tuna yana da ƙani.

Da hantsi ya shigo gareji. Yana tsayawa a bakin rumfa motar ta mutu da kanta, ta hutar da shi kashewa.

"Ƙanina! Ga 'yar taka nan. Ɗan abu ne kaɗan, yanzun nan za ka gama."

"Sannu da zuwa, Yaya. Sai na gani."

"Kai dai da ganinka! Datti ne a mai, ni na sani. Hura mata kawai in wuce."

Sai-na-gani ya ɗaga bonet. Mota mai mutuwa a silo, wato tana tsaye inji na aiki, abin da ake fara tambayarta shi ne ko tana samun mai, ko tana samun wuta, ko tana samun iska. Ya zare tiyon mai, ya ga yana fesowa da ƙarfinsa. Ya ciro fulogi, sabo fil, wuta shuɗiya na tsalle a bakinsa. Ya bi tiyon turbo da hannu yana matsawa gaɓa-gaɓa, ko akwai inda ya tsage iska ke gudu, don tsagewarsa ma takan kawo irin wannan shaƙewar. Lafiya lau. Ya zagaya baya ya shafa bakin salansa, babu maiƙo. Turbo dai ba shi da laifi.

"Tayar da ita, Yaya. Kada ka taka."

Da ƙyar ta kama. Ya kafa dogon sukuddireba a jikin inji, ya ɗora kunnensa mai kyau a kan ƙotar. Can gaba, bayan wani baƙin murfin roba, wani abu na yin fat-fat-fat kamar zani a kan igiya ranar iska. Ya ɗaga hannu da sauri.

"Kashe! Kashe ta!"

Ya kwance murfin, warin ƙonannen baƙin mai ya buge shi. Ga taimin bel nan, ɗamarar roba mai haƙora ta ciki, ya jiƙe sharkaf da mai, ya kumbura, gefensa ya yi zare-zare. Ya sa sifana ya juya injin a hankali har alamar saiti ta ƙasa ta zo daidai, ya duba ta sama, ya ga ta goce da haƙori guda. Ya shafa cikin bel ɗin da ɗan yatsa, sai wani haƙorin ya biyo yatsan ba gardama, kamar na tsohon da ya ciji ƙashi.

Ya ɗora shi a tafin hannu ya nuna wa Yaya.

"Ka ga wannan? Sil ɗin sama, robar da ke tare mai, shi ne zafi ya busar, yana ɗigo da mai a kan bel. Mai kuwa guba ne ga roba. Bel ɗin nan shi ke haɗa sama da ƙasa. A ƙasa fistin na hawa yana sauka, a sama bawul na buɗewa yana rufewa, kuma wuri ɗaya suke rabawa, kamar mutum biyu a ƙofa ɗaya, sai wannan ya wuce wannan ya shigo. Yanzu ya tsallake haƙori ɗaya, shi ya sa take mutuwa. In ya zubar da sauran, za su haɗu a ƙofar. Fistin kuwa ba ya ba da hanya."

"To ka tamke shi mana!"

"Ba a tamke ruɓaɓɓe, Yaya. Sabo za a sa, da sil, da abin da ke danne bel ɗin. Irin nata babu a kusa, sai mai kayan gyara ya aika an kawo. Kafin nan ko tayar da ita kada a yi."

"Da ƙafarta fa ta zo!"

"Allah ne ya rako ta."

Yaya ya ja tsaki, ya ce kanikawa duk halinsu ɗaya, a kawo musu ƙurji su mai da shi gyambo. Amma ya bar ta. Sai-na-gani ya cire kan batir, ya rufe bonet, ya jefa makullin a aljihun rigar aikinsa, yadda yake yi wa duk motar da za ta kwana a hannunsa.

Bel bai iso ba, ran nan suna cin abincin yamma waya ta yi ƙara. Yaya ne. Wai gobe da safe za a kai Mama, mahaifiyarsu, asibitin ido, a ba shi motarsa.

"Yaya, akwai wani mai tasi da nake yi wa aiki, mutumin kirki, motarsa lafiya. Zan sa ya zo har ƙofar gida."

"Uwata a tasi, ina da mota? So kake unguwa ta ce na sayi kwalliyar ƙofar gareji?"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ba zan iya ba da makullin nan ba."

Tun da aka haɗa su zumunci, ranar ce ta farko da ya ce masa a'a. Bai gama ajiye wayarsa ba ta Auta ta yi ƙara. Ta fita tsakar gida da ita. Abin da yake jiyowa kawai, "To, Yaya. Na sani, Yaya. Ban manta ba, Yaya." Ta dawo ta kwashe kwanuka ba ta dube shi ba.

Da safe ya fito daga wanka, ya sauko da rigar aiki daga ƙusar bayan ƙofa, ya ji aljihu ba nauyi. Auta na kan keken ɗinki tana ta taka shi, babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allura.

"Auta, makullin fa?"

Ba ta ɗago ba. "Ya ce asibiti kawai, a hankali zai tafi. Ya ce in Mama ta makance, ni ce."

Bai tsaya ɗaure takalmi ba. A gareji maigadi ya ce mai mota ya zo da makullinsa a hannu, ya mayar da kan batir da kansa, shi wane ne da zai hana mutum kayansa? Sai-na-gani ya tari babur ya bi hanyar asibiti, yana addu'a.

A kan hawan da ke gaban shataletale ya hango jan abu da taron mutane a bayansa.

To, mutane dai ba sa ganin mota ta mutu a hanya su wuce, Allah ya saka musu. Amma ba mai tambayar abin da ya kashe ta. Magani ɗaya suka sani wa kowace cuta: tura. Mai shayi ya bar tukunyarsa, mai faci ya bar tayarsa, masu babur sun jingine baburansu, an juyo da ita ta fuskanci gangara, kowa ya kafa kafaɗa. Mama na zaune a baya ta rungume kujerar gaba.

"Direba, sa ta a giya biyu!"

"Ku ƙara ƙarfi, saura kaɗan!"

"Yanzu! Saki kuloci!"

Sai-na-gani ya diro tun babur bai tsaya ba, yana ihu, "Ku bari! Don Allah ku bari!" Wa zai ji shi cikin wannan sowa? Yaya ya saki kuloci. Motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta, cikinta ya ce ƙas-ƙas-ƙas, ƙarfe na cin ƙarfe, ta turje. Kuma ba wannan ce turawar farko ba. Mai faci ma har yana alfahari, wai tun ɗazu suke yi, ba su gaji ba.

Da an bar ta inda ta fara mutuwa, da wataƙila an ceci wani abu. Ana kukan targaɗe, masu taimako suka kawo karaya. Sai-na-gani ya miƙa hannu ta taga ya murɗa makulli sau ɗaya don ya ji. Injin ya juya sakayau, ba nauyi, ba tirjiya. Ya cire hannunsa.

"Ku sauke ni, 'yan nan," in ji Mama. "Ido na zo gyarawa, kada ku haɗa min da ƙugu."

A tasi ta tafi asibitin, kuma unguwa ba ta ce komai ba.

Yaya Babba ya fito yana gumi, ya dubi taron, ya dubi motar, ya dubi mijin ƙanwarsa. Laifi tudu ne, in ji masu magana. Nan take ya taka nasa.

"Ga shi nan! Ga wanda ya kashe min mota! Da ƙafarta ta shiga rumfarsa, ya buɗe ta ya yi mata abin da ya yi mata. Jama'a ku shaida!"

Jama'a kuwa suka shaida, waɗanda yanzun nan suka gama karya ta da kafaɗunsu. A sana'ar nan hannun ƙarshe shi ne mai laifi. Mai kwamfuta ya ci ya goge baki, mai waya ya ci, mai famfo ya ci, sai wanda bai ci komai ba aka kama da maiƙo a hannu.

Aka jawo motar zuwa gareji, Yaya ya rantse Sai-na-gani ba zai ƙara taɓa ta ba. Wani ya sauke kan injin, ga bawul nan sun lanƙwashe kamar cokulan da yara suka yi wasa da su. Labari ya zaga tasha, ya zaga kasuwa. Mai tasin nan mutumin kirki ya fara gaishe shi daga nesa. Wata malamar asibiti da ta shekara da shekaru tana kawo masa motarta ta wuce ta gaban rumfarsa ta shiga ta gaba. Ya zauna a benci yana goge sifanun da ba su yi datti ba.

Sannan Yaya ya kai ƙara wurin Shugaba. Ku ji abin da ya faɗa, babba da shi, da furfura a gemu: wai Sai-na-gani ne ya miƙo masa makulli da hannunsa, ya ce a lallaɓa za ta kai. Ya san abin da ya taka. Ya san mutumin nan zai gwammace a kore shi daga garejin da ya buɗe baki a gaban maza ya ce matarsa ta shiga aljihunsa. Da kunyar mutum aka ɗaure shi, aka kuma sa shi ya riƙe bakin igiyar. Tir!

A gida bai ce da matarsa komai ba, wannan kuwa ya fi duka ciwo. Rigar aikinsa ta riƙa dawowa fes, yadda ta fita. Auta ta ɗaga ta ta duba, ta mayar kan ƙusa.

"Baban yara, ka zage ni mana."

"Ba ni ruwa in sha."

"Ka ce wani abu, ko na huta!"

"An sa ranar zama. In an gama, an gama."

Ranar zaman aka taru a babbar rumfa, kanikawa a kan tsofaffin kujerun mota, Yaya a kan kujerar roba da aka aro masa, tana nishi a ƙarƙashinsa. Ya yi bayani da murya har masu wankin mota suka bar bokitansu. Maigadi ya ce shi dai makulli ya gani a hannun mai mota, bai ga wanda ya ba shi ba. Shugaba ya juyo.

"Sai-na-gani, tun kana ɗaukar wa ubangidanka akwati na san ka. Ka ce kada a tayar da motar nan?"

"Na ce, Shugaba."

"To makulli fa?"

"A gidana ya kwana."

"Ban tambaye ka inda ya kwana ba. Hannun wa ya miƙa shi?"

Ya dubi ƙasa, inda baƙin mai ya haɗu da yashi. Ya ji idon kowa a ƙeyarsa. Ya tuna ramin da ya haƙa da hannunsa, da kwanon da ya buga da kansa. A shekarunsa ina zai je ya fara? Bakin titi, ƙarƙashin bishiya, yana tare motoci da hannu? Duk da haka leɓensa bai motsa ba.

Shugaba ya jira, ya ƙara jira. Sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Shiru ma magana ce. Doka kuwa ba ni na kafa ta ba. Ka kwashe..."

"Ni na ɗauka."

Kowa ya waiga. Auta ce tsaye a gefen wata mushen bas, da kular abinci a hannu. Kullum takan kawo ta ajiye ta juya, yau ta tsaya.

"Ke Auta!" in ji Yaya. "Wuce gida!"

"Zan wuce, Yaya, in na gama." Ta matso har tsakiyar rumfa. "Shugaba, ina wuni. Mijina ya hana makullin nan, da kunnena na ji. Yana wanka na zare shi daga aljihunsa, na kai wa Yaya a bakin lungu. Bai sani ba sai da ya sa riga."

"Ƙarya take yi! Mijinta take karewa!"

"In ƙarya nake yi, Yaya, ka dafa kan Mama ka ce shi ya ba ka."

Yaya ya muskuta. Kujerar roba ta yi ƙara.

"Ni? Ni kike tsinkawa a gaban kanikawa? Ni da na riƙe ki tun ba ki san hannun damanki ba?"

"Ka riƙe ni, Allah ya saka da alheri, ban taɓa musu ba, kai ma ba ka taɓa bari na manta ba. Amma ba ka riƙe ni don in zama ɓarauniya a ɗakin mijina ba. Ga shi ka sa na zama."

Wani daga baya ya ce, "Kai!" Wani ya yi tarin da ba tari ba. Shugaba ya ɗaga sandarsa.

"Mai katifa, ka nemi abin da zai ja motarka, ka fitar min da ita daga gareji kafin rana ta faɗi. Kai kuma," ya nuna Sai-na-gani, "rumfarka na nan. Amma ka ba ni haushi. Saura ƙiris ka sa ni zalunci da tsufana."

Yaya Babba ya miƙe, kujerar ta biyo shi, ya fizge ta ya yar. A gaban Auta ya tsaya.

"Daga yau ba ni ba ke."

Kada wani ya ce gaskiya ta yi halinta, kowa ya koma gida da murna. Waɗanda suka ji zargi a kan titi sun cika kasuwa, waɗanda suka ji wankewa kanikawa ne a kan kujerun mota. Aiki ya dawo, amma da ɗingishi ya dawo. Mai tasi ya zo yana sosa ƙeya, malamar asibiti har yau ba ta waiwayo ba. Dangi kuwa suka taru a kan Auta kamar ita ta tura motar. Wai ta kunyata babba a gaban bare. Gwaggo ta kira ta yi faɗa, kawu ya aiko, matar Yaya ta aiko a karɓo mata yadinta ko ba a ɗinka ba. A cikinsu duka babu mai bakin da zai ce babba ya yi ƙarya. Mama kaɗai ta ce a bar yarinya ta sha iska, ita ma a hankali ta faɗa, don a gidan Yaya take zaune.

Sai-na-gani yana ganin yadda matarsa ke duban waya in ta yi ƙara, da yadda take ajiye ta. Abin ya tsaya masa a rai. Wata yamma ya dawo, ya yi wanka, ya sa farar riga da hula, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran murya.

"Ina zuwa haka?" in ji Auta.

"Na ce ko in leƙa shagon Yaya. In ba shi haƙuri, a wuce wurin. Ɗan'uwa rabin jiki ne."

Ta ajiye almakashi. Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Haƙurin me za ka ba shi? Na motar da ka ce kada a tayar, ko na ƙaryar da ya yi maka?"

"Saboda ke ne, Auta."

"Saboda ni? Na tsaya a gaban maza na kira kaina ɓarauniya, na rasa yayana, don kai ka je ka durƙusa a gaban katifa ka ce ka tuba? Wallahi, Baban yara, ka taka ƙofar shagon nan, gobe in koma wurin Shugaba in ce ƙarya na yi, ya ba wani rumfar. Ka zaɓa."

Ya daɗe tsaye da hannu a kan ƙofa. Yara na tsakar gida suna leƙe. Can ya cire hular, ya juya ta a hannu, ya zauna a bakin gado.

"To akwai sauran abinci?"

"Akwai. Cire farar rigar nan kada ka ɓata min ita."